Kwalbar Rakiya Ta Je Yamai

Na gaji da maimaita labarin nan. Tun da na dawo daga Yamai, duk matar da ta zo awo sai ta tambaye ni kafin ta hau sikeli, wai da gaske ne na ɗauki fitsarin mutane a kula na tsallaka da shi wata ƙasa? A gidan suna haka, a bakin kanal ɗin ban ruwa haka, har mai kawo mana ƙanƙara sai da ya kashe babur ya ce shi ma a ba shi nasa kason. To ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta. Da gaske ne fitsari na ɗauka, kuma ko gobe aka ce in sake ɗauka zan ɗauka.

Sunana Ladidi, ni ce mai awon ciki a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Lokacin da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyukan nan, wata likita daga Kano, Dokta Maryam, ta zo mana da wani bincike a kan ciwon suga na masu ciki. Shi wannan ciwon, juna biyu ne yake zuwa da shi, yawanci kuma in an haihu ya tafi. Matsalar ita ce ba a cika gano shi ba sai ciki ya kai wata shida ko bakwai, a ba mace ruwan sukari ta sha a ɗebi jininta, lokacin kuwa ɗa ya riga ya fara ƙiba fiye da kima. Su Dokta suna so su gani ko fitsarin watannin farko yana ɗauke da wata alama da za ta tona ciwon tun da wuri. Injin da zai duba yana wurin abokan aikinta a Yamai. Namu aikin shi ne tara fitsarin mata masu ƙaramin ciki, mu daskarar da shi, mu kai.

Da ta faɗi haka sai da na yi dariya a gabanta. Na ce, "Dokta, a nan wa zai ce miki yana da cikin wata biyu?" Mace za ta yi amai a kan ƙafarki, ta goge baki ta ce zazzaɓin sauro ne. Ba a faɗin ciki sai ya faɗi kansa, wasu don kunya, wasu don tsoron baki. Muka jera kwalabe masu tsabta a kan kanta kusa da banɗaki, amma duk wadda aka ga ta miƙa hannu ta ɗauka, kafin ta isa gida labari ya riga ta. Da lallashi da raɗa muka samu abin da muka samu, ni da abokiyar aikina Asabe.

Abin da ya sa na riƙe aikin nan hannu biyu kuwa ƙanwata ce, Rakiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana aure a ƙauyen da ke gabanmu, mijinta Sale manomin rake da tumatir ne. Sau biyu tana haihuwa, duka maza, duka ƙatta, babu wanda ya yi kuka. Na biyun a hannuna aka yi, kafaɗa ta maƙale, kafin a fito da shi rai ya yi halinsa. Ana naɗe shi mata suna cewa tubarkalla, ji girma. Surukarta Iya Tabawa kuwa tana son Rakiya kamar ita ta haife ta, da ta ga alamar ciki sai ta hau ɗura mata rake da zuma da kunu mai sukari har cokali ya tsaya, wai don ɗa ya yi ƙwari. Ba mugunta ba ce, so ne, kuma ni kaina a lokacin zato kawai nake yi.

Ran da za mu tashi, da safe, Asabe ta biyo ta ƙauyensu Rakiya, ta iso da ɗan kwandon tumatir wai guzuri ne aka aiko mini. Na ce wace irin mace ce za ta ba matafiyi ɗanyen tumatir, miya zan yi a mota? Ina juye shi sai ga ɗankwali a ƙasa, an naɗe wata 'yar kwalba a ciki. Babu saƙo, babu komai, amma na gane. Rakiya ta yi ɓatan wata, ba za ta iya faɗa mini da baki ba, ba za ta iya zuwa ta ɗauki kwalbarmu mutane su gani ba. Kiyashi sun yi baƙi a jikin ɗankwalin, mu kuwa tun muna yara mun san abin da ake faɗa in kiyashi suka taru inda mutum ya yi fitsari. Na tsoma tsinken gwaji, ya yi duhun da ban taɓa ganin irinsa ba. Alamar sukari kenan, mai yawa. Direba yana ta hon a waje, na juye shi a kwalbarmu, na sa masa lamba, na cusa a kula tsakiyar ƙanƙara.

Dokta ta riga ta yi gaba, mu biyu muka bi motar haya. Daga Kura zuwa Kano babu labari. A tashar Katsina ne direba ya ce a sa kular a but tare da buhunan albasa, na ce sai dai a sa ni tare da ita. A kan cinyata ta yi tafiyar. Wani dattijo da ke gefena, da rana ta take, ya ce, "'Yata, a taimaka mini da ruwan sanyi." Na ce, "Baba, ba ruwa ba ne." Sai ya juya ya fara yi wa na bayansa bayanin yadda rowa ta yi yawa a zamanin nan, har ruwa ana hana tsoho. Asabe ba ta iya haƙuri ba, ta leƙo ta ce, "Baba, fitsari ne, na mata masu ciki." Bawan Allah ya tattare babbar rigarsa ya manne da ƙofa. Da aka tsaya salla a Jibiya sai da ya kira ni gefe ya tambaye ni tsakanina da Allah ko kular tana yoyo.

A kan iyaka namu suka duba takarda suka ce Allah ya kiyaye hanya. Da muka tsallaka ɓangaren Nijar, wani ma'aikacin duwan, wato kwastan nasu, ya ce, "Mi ke ciki, Hajiya?" Bai jira amsa ba ya buɗe. Ya ga kwalabe jere, ruwan ɗorawa, a daskare, ya ce ai wannan lemon ƙanƙara ne na sayarwa, sai an biya masa kuɗin fito. Asabe ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗauki ɗaya ka ɗanɗana, in lemo ne mun bar maka duka." Na taka mata ƙafa. Allah ya taimake mu babbansu ya fito ya karanta takardar Faransancin da Dokta ta ba mu, ya faɗa masa wani abu, sai ga mutumin ya rufe kular da kan yatsa ɗaya. Mun kai bakin mota kenan ya biyo mu, ya rage murya ya ce matarsa tana da juna biyu, ba ta gajiya da shan ruwa, ba ta gajiya da zagayawa, ko da matsala? Na ce ya kai ta likita a ɗebi jini, don su can asibitin ma likita suke ce masa. Ya yi godiya har da ɗaukar mana jaka.

Kafin Maraɗi ƙanƙarar ta fara zama ruwa, ni ma na fara zama ruwa. In kwalaben nan suka narke, wahalar watanni ta tashi a banza, ta Rakiya ma ta bi su. Wata mai sayar da atamfa da muka shigo mota tare, Hajiya Mariya, ta ga ina ta leƙa kula, ta tambaya, na faɗa mata. Ta ce, "Ke dai kin cika damuwa, ku zo gidana ku kwana." Tana da firiza da take daskarar da zoɓo na sayarwa. Ta ture zoɓon gefe, ta sa kayanmu cikin leda biyu ta tura ƙasa, ta ce duk wanda ya faɗa wa masu sayen zoɓonta ba ta yafe ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne wutarsu ba ta ɗauke ba har muka tashi, alhali sun ce daga ƙasarmu ake ba su.

Ta yi mana tuwon gero da miyar kuka, aka kawo soyayyun fara a faranti, Asabe ta share su kamar gyaɗa. Sai shayinsu, ɗan kofi kamar murfin kwalba, zagaye uku, kowanne ya fi na baya zaƙi. Mu a nan in an ce shayi ana nufin kofin da zai riƙe ciki har azahar, su kuwa nasu na hira ne. Na kurɓi na farko, zaƙin ya tuna mini da tsinken da ya yi duhu, na kasa shan sauran.

Washegari muka shiga babbar bas. Abin mamaki, motar ta tashi a lokacin da aka ce za ta tashi, da kujeru babu kowa a kai. Na ce wa Asabe direban nan da a Kano yake da yunwa ta kashe shi. Muka wuce Ƙonni, muka wuce Dogon Dutsi, jandarma suna tsayar da mu suna karɓar katin kowa suna kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan aji. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mutum ya saƙale shi a hammata babu ko takarda. Asabe ta sayi biyu, duk juyin da za ta yi sai ta zungure mutum. A Doso na zauna kusa da wata mata na jero mata gaisuwa tun daga gajiya har yara da maigida, ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "Fofo." Nan na san mun shiga ƙasar Zabarmawa, Hausata ta fara ƙarewa.

Da tsakar rana muka isa Yamai, muka ɗauki tasi zuwa ɗakin gwajin, muka tarar da ƙofa a rufe. Mai gadi ya ce kowa ya tafi hutun rana, mu dawo in ta yi sanyi. Ashe al'adarsu ce, gari ya kwanta da azahar kamar an yi doka. Na ce masa, "Malam, ni zan iya jira, ƙanƙara ba za ta iya ba." Na zauna a kan kular na buɗe murya, sai da ya shiga ya taso wani mai makulli don ya rabu da ni. Da na ga kwalaben sun shiga firiza, a daskare yadda muka fito da su, sai na yi hamdala.

An sauke mu a masaukin ɗalibai, ɗaki mai tsabta da gidan sauro. Muka ci dambu da zogale da ya fi namu mai, muka ga mata suna tuƙa babur da kansu da goyo a baya, babu mai ko kallonsu. A wurin wani taro da aka shirya kan binciken na haɗu da ungozomomi daga garuruwansu, na ba su labarin kwalaben da muka jera a kan kanta, suka fashe da dariya, suka ce su ma haka suke fama, mace sai ta rantse ƙiba ce. Na ji daɗi da na san ba mu kaɗai ba ne.

Mai kula da injin wata 'yar ƙaramar mata ce mai tabarau, Madam Ramatu, Hausarta ta Damagaram. Ta nuna mana yadda injin yake rarrabe fitsari, yana fito da ƙananan abubuwan da jiki yake zubarwa, kowanne daban. Ta ce za su ajiye abin da suka gani, sai matan sun kai wata shida an gwada jininsu, sannan a waiwayo a ga ko waɗanda ciwon ya kama suna da wani abu a fitsarin farko da sauran ba su da shi. Aikin shekaru ne, kuma babu tabbas. Ni kuwa a zatona za a zuba yau a ba ni amsa gobe. Da mutane suka watse na bi ta na ce, "Madam, akwai lamba ɗaya, ta ƙanwata ce." Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce za ta duba mini sukarinta kawai.

Kashegari ta kira ni. Ta ce, "Malama Ladidi, sukari kam akwai, da yawa. Amma kusan rabinsa irin wanda ke cikin zuma da 'ya'yan itace ne, jikin mutum ba ya fitar da shi haka. A cikin me aka kawo miki?" Na ce a wata 'yar kwalba. Ina faɗi ina tuna kiyashin da ke jikin ɗankwali.

Na fita na nemi shagon buga waya na kira Sale. Ba zan iya tambayarsa zancen fitsarin matarsa ba, ban ma sani ba ko ta faɗa masa tana da ciki. Bayan mun gaisa na ce, "Sale, 'yar kwalbar nan da kake sayo wa Rakiya zuma a ciki, tana nan?" Ya ce, "Wallahi, Yaya, tun shekaranjiya nake nemanta na rasa. Amma daga Yamai kika kira don kwalba?" Na ce e, na ajiye waya. Na yi dariya a shagon nan har hawaye, daga baya hawayen ya zama na gaske. Ashe ɗaurayewa kawai Rakiya ta yi wa kwalbar zumar cikin sauri don kar a gan ta. Kwalbar da na fi damuwa da ita, na rungume ta ƙasa biyu, ita ce ba ta da amfani.

Madam Ramatu ba ta yi dariya ba. Ta ce in ba ta labarin haihuwar Rakiya, na ba ta duka. Ta cire tabarau ta ce, "Ƙattan 'ya'ya biyu da ba su zo da rai ba, wannan ya fi duk abin da injina zai nuna ƙarfi. Fitsari mai tsabta ba ya wanke mace, sukari a fitsarin mai ciki kuma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Kar ki jira wata shida. Ki kai ta a gwada jini yanzu, a sake gwadawa gaba, kuma a babban asibiti za ta haihu." Dokta Maryam tana wurin, ta ce in kawo mata ita da kanta.

Dawowa ba ta da labari, kula babu komai sai burodin Asabe da ya bushe ya zama abin dukan jaki. Ban ko kwana gida ba na wuce wurin Rakiya. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, tumatirin ya kai?" Na ce, "Ya kai, amma nan gaba in za ki aiko ki wanke kwandon da sabulu. Gobe za ki raka ni Kano." Kalmar ciki ba ta fito daga bakin kowa ba.

Gwajin farko ya nuna tana bakin gaɓa, na wata shida ya tabbatar da ciwon. Iyakar da ta fi ta Jibiya wuyar tsallakawa kuwa ita ce Iya Tabawa. Da na ce a daina rake da zuma da sukari, a rage shinkafa, a ƙara wake da zogale da ganye, ta ce, "Ladidi, yarinya tana ɗauke da rai biyu ki ce a hana ta abinci? Abin da kika koyo a Yamai kenan?" Na ce, "Iya, sau biyu mun bi taki. Ki ba ni aron wannan karon." Sai ta tashi ta ɗauke gwangwanin sukari ta kai ɗakinta. Daga ranar ita ce take tasa Rakiya gaba bayan cin abinci, su taka a bakin kanal har gonar tumatir su dawo, tana tafe tana mita. Sale kuma in ya sari rake, daga gona sai kasuwa, ba ya biyowa da shi ta gida.

A Kano ta haihu, da hantsi, mace. Aka goge ta aka naɗe aka fito da ita, ta yi lamo. Iya Tabawa ta karɓe ta, ta ɗaga ta sama da ƙasa kamar mai auna kabewa, ta harare ni ta ce, "Wannan ai ba nauyi, Ladidi. Kin cinye mata rabo." Ba ta rufe baki ba jaririyar ta tsala kuka, har masu jinya na ɗakin gaba suka leƙo. Rakiya ta miƙo hannu daga kan gado, ni ma na matso zan karɓa in jijjiga.

Iya ta juya mana baya da ita, ta zauna a ƙasa daɓas, hawaye yana bin fuskarta. Ta ce, "Kar wanda ya rarrashe ta. Ku bar ta ta yi. Ban taɓa jin muryar ɗan Sale ba."

Muka bar ta ta yi kukanta har ta gaji.